Karen da Ya Yi Takaba Tare da Ni

Ban taɓa son kare ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekara ashirin da huɗu ina koya wa 'yan firamare tsabta a Yelwa, a wanke hannu, a yanke farce, sai ga maigidana da kansa ya ɗauko ɗan kwikwiyo daga wata tungar masunta wai zai riƙa yi masa gadin rumfar banda. Sana'arsa ke nan, ya sayi kifi a hannun masunta, ya banda a rumfarsa da ke bakin ruwa, ya loda a kwalaye a kai kudu. Ranar na ce masa rumfa tasa ce, ya ajiye kura ma in ya ga dama, amma ƙafar kare ba za ta taka zaurena ba. Ya yi dariya ya ce ya ji. Ya kuwa cika alkawari, shekara biyar karen yana can bakin ruwa, yana kwana a kan yashi, ni ko kamanninsa ban riƙe ba.

Maigida ya rasu a farkon damina. Hawan jini ne. Ya faɗi a rumfa da hantsi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. 'Ya'yanmu mata biyu suka zo daga gidajen mazajensu, suka yi kwana bakwai suka koma. Ni kuwa na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalli, ba turare. Inna, mahaifiyata, ta taso daga Shanga ta zo zauna da ni, ta zo kuma da dokokinta na mutanen da. Kada in ɗaga murya. Kada in leƙa ƙofar gida. Iyakata bakin zaure daga ciki, nan ma sai da dalili. Na san wanda addini ya ce, na san wanda kakanni suka ƙara, amma wa ke da ƙarfin musu da Inna a irin wannan lokaci? Ni da na saba fita tun ƙarfe bakwai in yi ta ihu da yara sittin, sai na wayi gari duniyata ta koma ɗaki biyu, da madafa, da bishiyar mangwaro ɗaya.

Ranar sadakar uku karen ya zo. An rufe rumfa, ma'aikata sun watse, ba wanda ya tuna da shi. Maza masu zaman makoki suka kore shi, ya koma gefe, da suka tashi ya sulalo ta zaure ya kwanta a ƙofar wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren, wanda ƙofarsa ke kallon tsakar gida. Ɗakin hutun maigida ne. Nan yake zube kayan aikinsa masu warin hayaƙi don kada in yi masa mita, nan yake miƙe bayansa in ya dawo daga ruwa. Karen bai taɓa shiga gidan ba, amma hancinsa ya kai shi daidai ƙofar. Ja ne, mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, gashinsa sumul.

Inna ta fito da muciya. “Ke ɗiyagga, kare cikin gida? Mala'iku ta ina za su shigo muna?”

Ta kore shi, ya dawo. Na kore shi, ya dawo. Daga baya na fara ajiye masa ragowar tuwo a fasasshen kasko, ina ce wa Inna ai dabba ce, haƙƙi ne, za mu nemi wanda zai karɓe shi.

Ranar bakwai yayan maigida ya zo, wanda nake kira Yaya. Shi ne babba a gidansu, mutum ne mai tsare gida, ba ya son wargi. Ya leƙa ɗakin zauren, ya duba tsohuwar katifa da darduma da riguna a jikin ƙusa, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya miƙo mini makullin.

“Malama, wagga amana ta,” ya ce. “Ko allura kat ta hita ɗakinga sai an raba gado. In kin gama takaba sai a zamna a yi.”

Na ce to, Yaya.

Kwana biyar na riƙe amanar. Rana ta shida da la'asar aka tsuge da ruwa irin na bakin tafki, wanda ke zuwa da iska a karkace. Karen ya jiƙe sharkaf, ya manne da ƙofar ɗakin yana ƙaramin kuka. Na gaya wa kaina zan duba ne ko rufin yana yoyo. Ina buɗewa ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya haye katifar, ya zaga sau biyu, ya kwanta a cikin ramin da nauyin maigida ya yi mata a tsakiya. Na ɗaga tsintsiya. Sai warin ɗakin ya buge ni, hayaƙin itace da kifi da ɗan turaren da yake shafawa ranar Juma'a. Na saki tsintsiyar. Na zauna a kan darduma na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, karen yana kallona, haɓarsa a kan ƙafafunsa.

Katifar ta audugar rimi ce, ta girmi 'yata ta fari. Ita muka fara kwana a kanta a ɗakin haya kafin a gina gidan. Da muka sayi ta soso na ce a jefar, ya ce a bar masa, bayansa ya fi jin daɗinta. Ba na tuna ranar da aka taɓa shanya ta.

Daga ranar, kullum in Inna ta kishingiɗa bayan azahar, sai in ɗauki makulli. Shi a kan katifa, ni a kan darduma da carbina. Ba na taɓa shi, shi ma ba ya matsowa. Inna ta gane, ba yarinya ba ce, amma ta yi kamar ba ta gani ba. Abin da ta ce kawai, in riƙa canza zane kafin la'asar. A duk faɗin gidan, wannan ɗan ɗakin ne kaɗai inda ba wanda zai ce mini in yi haƙuri.

Wajen mako na uku na lura karen yana yawan lasar ƙafafunsa. Ya lasa, ya ciza tsakanin yatsu, ya koma ɗayar. Sai kunne, ya yi ta girgiza kai yana karta da ƙafar baya. Sai ciki da hammata, suka yi ja. Yakan goga fuskarsa a gefen katifar har kewayen idonsa ya sule. Na duba ko ƙuma ce ko kaska, ban ga ko ɗaya ba. Kafin wata ya cika gashin cikinsa ya zube, fatar ta kumbura tana tsattsafo da ruwa, ya fara wani irin wari mai tsami.

Inna ta ce ƙazwa ce. Maƙwabciyarmu, da ta shigo ɗiban wuta, ta ce ba ƙazwa ba ce, baƙin ciki ne, ita ta taɓa ganin jakin da ya bi ubangidansa bayan kwana arba'in. Kowa da maganinsa. Na dafa ganyen darbejiya na watsa masa da moɗa. Na kwaɓa toka da manja. Aka ce ai maganin ƙazwar kare baƙin man inji ne, kowa ya san wannan, aka karɓo mini a gwangwani daga wurin masu gyaran babur. Na ɗaura tsumma a kan sanda na shafa masa, ni malama guda, mai koyar da kiwon lafiya a aji biyar. Man ya shiga gyambunan, ya yi wata ƙara, ya yi ta birgima a ƙasa. Har yau in na tuna wannan ƙarar sai in ji haushin kaina.

A da yakan fita waje ya zaga ya dawo. Da ya koma baƙi-baƙi, ja-ja, rabi da gashi rabi babu, yaran unguwa suka fara binsa da jifa suna cewa mahaukacin kare. Wata rana ya shigo da gudu da jini a goshi. Nan na yanke shawarar da nake ganin tausayi ce. Na sa shi a ɗakin na kulle. Safe da yamma in buɗe masa ya fita bayan madafa ya yi abin da zai yi, in mayar da shi. Tagar ma na rufe ta, don kada a ji kukansa daga titi. Ga damina ta kankama, bango yana gumi, tabarma tana fumfuna, ashana ma sai an ɗumama ta kafin ta kama. Ya zamana yana wuni yana kwana a kan katifar nan, cikin duhu da laima.

Ina zaune a gindin mangwaro ina tsince shinkafa sai in ji ƙafarsa tana dukan ƙyauren ƙofa, bum, bum, bum, yana susa. Ya tsaya, in ja numfashi, ya sake farawa. Tun safe har faɗuwar rana. Ni ba damar fita in huta da jin sa, shi ba damar fita daga fatarsa. Akwai ranar da na tashi na buga ƙofar da tafin hannu na ce masa don Allah ya yi shiru. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba a hankali, kamar yana jin kunya.

Maganar ta kai kunnen Yaya. Ya zo ranar Litinin da hantsi, ya tsaya a zaure, na tsaya daga ciki da hijabina. Ya ce in buɗe ɗakin. Da warin ya fito sai ya ja baya ya toshe hanci da bakin rigarsa.

“Subhanallahi! Malama, amanar da nib ba ki ke nan?”

“Yaya, ba abin da ya hita. Shiga ɗai anka yi.”

Bai yi dariya ba. Ya ce mutanen unguwa sun same shi a masallaci, suna tsoron 'ya'yansu. Ya ce ko ba hauka ba ne, dabbar tana shan azaba, barin ta haka ma zunubi ne. Ya ce ya yi magana da wani maharbi, ranar Juma'a bayan an sauko zai zo ya ja shi bayan gari.

Na ce, “Yaya, karen ƙanenka na.”

“Na sani. Don haka niz zo da kaina, ban aiko ba.”

Ya juya ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban sami ƙarya ko ɗaya a maganarsa ba. Na so ya zama mugu in samu wanda zan zaga, amma idonsa ya kawo ruwa lokacin da ya ga rigunan a jikin ƙusa.

Da na koma ɗaki na tuna wata abokiyar aikina mijinta likitan dabbobi ne. Shanu da tumaki na san yana dubawa, ban taɓa jin an kai masa kare ba, kuma kunya ta hana ni tambaya tun farko. Matar da ke takaba, maimakon ta riƙe carbi, ta kira namiji gida saboda kare? Na san abin da za a ce. Na ɗauki waya na kira abokiyar aikin nawa. Inna tana jina, ta ce, “Ke dai ba ki da ta ido.” Na ce ban da ita, Inna.

Likitan ya zo ranar Talata a kan babur. Baƙo ne a garin, Hausarsa ta gabas ce. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya sa safar hannu, ya durƙusa gaban karen yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya buɗe tsakanin yatsunsa, ya leƙa kunnuwansa, ya ɗaga hammatarsa. Da ya ga baƙin man sai ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ya kankare fatar a wurare uku da 'yar wuƙa, ya shafa a gilashi, ya ce zai duba a ofis. Ya yi masa allura ta rage ƙaiƙayi. Kafin ya fita ya tsaya ya zuba wa katifar ido, ya buga ta da hannu sau ɗaya. Ƙura ta tashi a hasken ƙofa, shi kansa sai da ya yi atishawa.

“Malama, a nan yake kwana?”

“Nan yaka wuni, nan yaka kwana.”

“Da can fa?”

Na ce bakin ruwa, a kan yashi. Ya tambaya ko ya taɓa irin wannan ciwo. Sai na tuna maigida ya taɓa cewa karensa yana ɗan susar kunne in damina ta yi, in ya kwana cikin tsofaffin buhuna, amma yana wucewa.

Washegari ya dawo. Ya ce ba hauka ba ne, ko kusa. Ya duba abin da ya kankara, bai ga ƙwarin ƙazwa ba. Ya ce gwajin da zai tabbatar sai a babban asibitin dabbobi, nesa da nan, amma wuraren da ciwon ya kama da yadda ya fara sun ishe shi zato mai ƙarfi. Akwai wasu ƙwari ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin ƙurar ɗaki, cikin katifa da darduma da tsofaffin tufafi, laima da duhu ne abin son su. Ba sa cizo. Kashinsu da ɓawon jikinsu ne ke gauraya da ƙura. Yawancin karnuka da mutane ba ya yi musu komai, amma akwai wanda jininsa bai haɗu da su ba, da ƙurar ta taɓa fatarsa sai ta kama ƙaiƙayi, ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, ciwon ya ruɓe.

Na ce, “To su mi suka ci cikin katihwa, Likita? Auduga?”

Ya ce, “Fatar mutum ce, Malama. Kullum jikinmu yana zubar da ɓawo ƙanana, ba ma gani. Wanda ya daɗe yana kwana a kan katifa, ya bar musu abincin shekaru.”

Na dafa ƙyauren ƙofa. Ashe abin da ya rage na maigida a ɗakin nan, wanda ni da karen muke zuwa nema kullum, shi ke ciyar da abin da ke cinye karen. Ni kuma na ɗauke shi na kulle a ciki, na rufe taga, ina ganin na cece shi daga jifa.

Likita ya ce irin wannan ba ya warkewa kwata-kwata, sai dai a raba shi da abin da ke tayar masa. Ya ba ni ƙwayoyi na gyambon da sabulun wanka. Ya ce a fitar da shi daga ɗakin yau ɗin nan. Katifar kuwa, shanya ba za ta ishe ta ba, ta tsufa da yawa, sai dai a ƙone. Na roƙe shi ya je ya yi wa Yaya bayani da bakinsa, don maganar namiji mai takarda ta fi tawa nauyi a wurinsa.

Yaya ya zo da la'asar. Ya yarda ba hauka ba ne, ya ce zai gaya wa mutanen masallaci. Da na kawo maganar ƙona katifa kuwa sai ya girgiza kai.

“Dukiyar magada ta, Malama. Akwai haƙƙin ɗiyanki ciki, akwai na tsohuwarmu. In ƙone kayan gado sabadda kare? Mi zan ce ma Allah?”

Na buɗe baki zan ce tsohuwar katifar da ko kyauta ba mai karɓa, sai na ji wani sanyi ya sauko mini a ƙirji. Daɗi na ji da ya ƙi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yanzu. Ina tsaye ina yi wa kare faɗa, amma a raina ba na so a taɓa katifar nan, ko da fatarsa za ta ƙare. Yaya ya ce ya ɗaga maganar maharbi zuwa Juma'a ta sama. In karen ya zauna lafiya a tsakar gida, to. In bai zauna ba, ba shi da yadda zai yi.

Na kulle ɗakin, na ɗaure shi a gindin mangwaro. Na sa leda a hannu na yi masa wanka, ruwan yana zuba baƙi ƙirin. Ƙwayoyin na cusa su cikin kan tarwaɗa. Cikin kwana huɗu gyambunan suka fara bushewa. Amma bai zauna ba. Ya yi ta jan igiya yana kallon ƙofar ɗakin, yana wani dogon kuka da ke tayar da tsigar jiki. Ya cinye igiya biyu. Duk lokacin da ya kuɓuce sai ƙofar, ya yi ta tonon ƙasan ƙyauren har farcensa ya fashe, ya tura hancinsa ta kafar. Inna ta kwashe tukwanenta da butarta ta shige ɗaki, ta ce ko ita ko shi, Shanga ba ta yi nisa ba. Maƙwabta suka sake komawa wurin Yaya, wannan karon saboda kukan. In na buɗe masa ɗakin, ciwo ya cinye shi. In na hana shi, maharbi ya zo. Ni kuma saura wata biyu kafin in iya taka ƙofar gida in nema masa wuri.

A wayar maigida na samo lambar masuncin da ya ba shi karen tun yana kwikwiyo, wani dattijo mai tunga a tsallaken ruwa, bayan Warra. Na kira shi na faɗa masa komai. Ya ce, “Uwargida, mijinki bai taɓa tauye mani ba. Gobe ni zo.” Na zaɓe shi ne don ruwa ya shiga tsakani, karen ba zai iya dawowa da ƙafa ba.

Ya zo ranar Alhamis da hantsi. Karen ya ƙi yarda ya matso kusa da shi. Dole ni na kwance igiyar, na riƙe wuyansa da hannuna ba leda. Fatar tana da zafi, da kaushi, zuciyarsa tana bugawa a tafina. Na ja shi ya biyo ni, yana tsammanin ɗakin za mu. Da muka wuce ƙofar sai ya turje. Na ja shi da ƙarfi, ƙafafunsa suna shatar ƙasa, har bakin zaure inda iyakata take. Na miƙa wa dattijon igiyar da ledar magani, na ce kada a bar shi ya kwanta kan buhu ko tsumma. Ya sungume shi kamar ɗan akuya ya fita. Ina jin kukansa yana nisa a lungu, ban isa in leƙa ba. Inna ta zo ta tsaya a bayana da buta, ta zuba mini ruwa na wanke hannu.

Sauran wata biyun na yi su ni kaɗai a ɗakin. Gidan ya yi shiru irin wanda na roƙa, na kuma tsane shi.

Da takaba ta cika aka zauna rabon gado. Katifar ta faɗa a rabon tsohuwa, surukata, ita kuma ta bayar da ita sadaka a ranar. Na share ɗakin, na wanke simintin da ruwan zafi, na buɗe taga, ban bar ko tsumma ba. Na sayi sabuwar igiya. Al'ada ita ce fitar farko mace ta zaga dangi ta yi ban-gajiya. Na yi wannan cikin kwana biyu, a gurguje. Rana ta uku na sa igiyar a jaka na hau mota zuwa Warra, daga can na shiga kwale-kwale.

Ruwa ya cika tafkin, iska tana dukan fuskata, rabona da ganin sarari mai faɗi haka har na manta. Tungar bukkoki ne kamar goma a kan tudu, da taruna a shanye. Tun daga nesa na hango shi a bakin ruwa, yana gudu yana haushin wasu agwagi. Gashinsa ya fito ja sumul. Cikinsa da hammatarsa ne kawai suka rage baƙi, fatar ta yi kauri. Ya zo ya sansana gefen zanena, ya kaɗa wutsiya, ya ɗora kansa a gwiwata na ɗan lokaci. Na shafa kunnuwansa, busassu ne, ba wari.

Dattijon ya ce sati biyu na farko ko abinci ba ya ci, yana zaune yana kallon ruwa. Daga baya ya fara bin jirgi. Yana iyo kullum, yana kwana kan yashi. Ya ce, “Uwargida, naki na. In kin zo ɗauka tai, ki tahi da abinki.”

Hannuna yana cikin jaka, a kan igiyar. Na tuna likita ya ce ba gidan da ba shi da wannan ƙura, ko an share, ko an wanke, damina kuma za ta sake zuwa. Ina cikin wannan tunani wani masunci ya tura jirginsa zai je duba taru. Karen ya ɗaga kunne, ya zare kansa daga gwiwata, ya ruga ya faɗa ruwa ya haye gaban jirgin, ya girgiza jikinsa. Ya waigo ya dube ni sau ɗaya, yana haki, bakinsa a buɗe.

Na so in kira shi. Wallahi na so, don ba ni da kowa a gidan nan da ya san abin da na rasa kamar shi. Na zare hannuna daga jakar na ce wa dattijon ya bar shi, nan ya fi masa. Na zauna a kan yashin har jirgin ya shige bayan ciyawa, sannan na ce wa mai kwale-kwale mu koma kafin motar Yelwa ta cika.